Sifirin da Keken Ɗinki

Duk agogon da ya shiga hannun Yanzu-Yanzu, idan ya fito sai ya riƙa wuce na kowa. Ba kuskure ba ne, da gangan yake yi. A cewarsa agogon da ke tafiya daidai da lokaci malalaci ne, shi kuma ba ya sakin malalaci daga shagonsa. Mutanen layin sun saba, in mutum ya karɓo agogonsa sai ya biya gidan maƙwabci ya mayar da hannun baya, a zauna lafiya. Sunan kuwa bakinsa ne ya jawo masa. Yaushe za ka gama gyaran nan? Yanzu-yanzu. Yaushe za ka toshe yoyon ɗaki? Yanzu-yanzu. Yoyon nan ya girma ya yi 'ya'ya, har mai gidan haya ya ce kowa ya kwashe kayansa, za a sake rufin gaba ɗaya.

Matarsa, wadda tela ce, ta samo musu ɗaki da falo can ƙasan gangara, bayan kasuwa, kusa da inda ake buga bulo. Kayansu ba su da yawa, amma a cikinsu akwai keken ɗinkinta, baƙi mai zanen ruwan zinariya, wanda mahaifiyarta ta bar mata. Gaskiyar da ba a faɗa a gaban Yanzu-Yanzu ita ce keken nan ne ke ciyar da gidan, agogo sai dai ya sayi sabulu. Shi ma ya sani, kuma a ƙasan ransa yana ganin girman keken fiye da na mai gidan haya.

Ta ce za ta kira yayanta ya kwashe kayan. Yayan nata direba ne, yana da wata tsohuwar motar ɗaukar kaya da Yanzu-Yanzu ya laƙaba wa suna Hawainiya, domin Yaya Direba mutum ne da in ya hango rami sai ya tsaya ya fito ya duba zurfinsa kafin ya wuce. Sau ɗaya Yanzu-Yanzu ya taɓa shiga motar, ya sauka a tsakiyar hanya ya ƙarasa a ƙafa, ya kuma rantse a gaban jama'a cewa shi da Hawainiya har abada, ko ranga-ranga aka ɗauko shi kada a saka shi a ciki. Don haka da jin sunan Yaya ya ce a bar masa komai, zai samo dabara yanzu-yanzu.

A shagon mai aski ya tsinto dabarar. Ana nuna tseren gudu a talabijin, wasu dogayen mutane suka jeru, aka buga bindiga, kafin mai aski ya sake ɗaga almakashi sun isa. Mai sharhi yana ta nanata wata kalmar Turanci, Yanzu-Yanzu ya cafke ta da kunne, ya juya ta a baki har ta zauna: sifirin. Ya tambayi mai aski ma'anarta, mai aski ya ce shi Turancinsa bai wuce na gaisuwa ba, a tambayi Malam. Ya tashi da rabin aski ya fita.

Malam tsohon malamin makaranta ne da ya yi ritaya, kullum yana kan kujerarsa ta roba a ƙofar gida. Ilimi kam akwai, sai dai maganarsa kamar ana tsiyayar zuma daga kwalba. Ya cire tabarau, ya goge, ya mayar. Ya yi ƙoƙarin gyara wa Yanzu-Yanzu yadda ake furta kalmar, ya ga ba ta gyaruwa, ya haƙura.

"Kalmar tana nufin gudu," in ji Malam. "Ba sassarfa ba, ba ɗaga ƙafa ba. Gudu ne wanda mutum zai zuba iyakar ƙarfinsa, bai rage komai ba. Amma fa..."

"Ya isa, Malam. Ashe sunana ne da Turanci."

Kafin Malam ya haɗiye yawu ya ci gaba, mutumin ya sha kwana.

Daga ranar kalmar ta shiga uku. Ya je wurin mai shayi ya ce a haɗa masa sifirin, ya ɗaga kofin yana tururi ya juye a baki, ya wuni yana magana da harshe a waje. Ya koma wurin mai aski ya ce a ƙarasa masa sifirin, ya fito da auduga manne a kunne. Wani tsoho ya kawo agogon hannu mai jinkiri, ya yi masa gyaran sifirin, agogon ya riƙa gudu har tsohon ya ci abincin rana da hantsi. Da yamma ya ce zai motsa jini a tsakar gida, ya durƙusa irin na mutanen talabijin, ya ce maƙwabciya ta tafa hannu a madadin bindiga. Ta tafa. Ya zabura, ya shige igiyar shanya, ya fito ta ƙofar gida da zanin matar a fuska da rigar jaririnta a wuya, ya rungumi sandar lantarki. Maƙwabciyar ta biyo shi tana cewa ko a talabijin ɗin haka suke tafiya da wankin mutane.

Malam yana kallo daga kujerarsa. Ya yafito shi, ya gaya masa cewa kalmar ta ƙafa ce, ba a sha shayi da ita, ba a yin aski da ita, kuma akwai sauran bayanin da bai tsaya ya ji ba. Yanzu-Yanzu ya ce ai shi ya faɗaɗa wa Turawa kalmarsu ne kyauta, su gode masa. Malam ya buɗe baki ya ce, "Amma fa...", sai ya tarar iska yake wa magana.

A gida ya shimfiɗa wa matarsa shirin. Babu mota, babu Yaya. Shi kaɗai zai kwashe kayan gidan kaf da sifirin, kafin mutanen layi su gama karyawa.

"Baban yara, har bayan kasuwa fa."

"Ga mai tafiya ne yake da nisa."

"Kai da in ka hau benen mai gida sai ka zauna a tsakiya ka ce kana duba gini?"

"Lokacin ban san kalmar ba."

Ta dube shi, ta dubi keken ɗinkin. Sai ta ce to, Allah ya kai mu. Saurin yardar ya ba shi mamaki, amma ya ɗauka kwarjini ne. Ana gobe tashi Yaya Direba ya zo gaisuwa, Yanzu-Yanzu ya ƙi fitowa daga shago don kada a ce ya nemi taimako. Ta taga ya hango Yaya yana fita rungume da wani ƙunshin tsummoki, yana taku ɗaɗɗaya. Ya yi tsaki, ya ce wannan bawan Allah ko tsumma ya ɗauka sai ya yi kamar ƙwai ne.

Ranar tashi ya fito da gajeren wando da singileti, ya tsaya a tsakiyar layi ya sanar da cewa duk mai son ganin sifirin ido da ido ya fito. Aka fito kuwa. Mai shayi ya juyo da bencinsa ya fuskanci titi, mai aski ya bar wani da kumfa a haɓa, mata suka leƙo ta kan katanga. Matar tasa ta riga ta rufe keken da murfinsa na katako, ta ɗaure da igiya tamau da hannunta, ta ce kada ya kuskura ya buɗe, ƙura na ɓata shi. Sannan ta ɗauki jakarta ta ce ita da yara za su yi gaba su share sabon ɗaki.

Da katifa ya fara. Ya ɗora ta a ka, ya durƙusa, mai shayi ya buga cokali a kofi, ya zabura. Gaskiya farkon abin ya yi kyau, har wani ya yi tafi. Sai dai katifar ta lanƙwaso ta rufe masa ido, iska ta shiga ƙarƙashinta ta juya shi, ya nufi bencin mai shayi, mutane suka watse da kofunansu. Ya gyara hanya, ya ƙara wuta, ya kai kwanar farko. A nan numfashin ya ce ga garinku. Ya sulale ƙasa, katifar ta kwanta a kansa.

Ya daɗe a ƙarƙashinta yana haki. Wata akuya ta zo ta haye ta kwanta. Wani mai wucewa ya tsaya ya danna katifar da yatsa, ya tambaya ko ta sayarwa ce. Daga ƙasa wata murya ta ce ba ta sayarwa ba ce, tafiya take yi. Mutumin ya ja da baya yana addu'a.

Da aka ɗaga masa katifar ya miƙe ya kakkaɓe jiki, ya bayyana wa jama'a cewa wannan gwaji ne, kuma gwajin ya nuna masa inda matsalar take: yawan zirga-zirga. Mai sifirin na gaskiya sau ɗaya yake zabura. Saboda haka komai zai tafi a lodi ɗaya.

Ya aro amalanken mai gawayi. Aka loda gado, katifa, tukwane, bokitai, kujeru, da agogunan bango na mutane da ke jiran gyara a shagonsa. A can sama, a tsakiyar katifa, ya ɗora keken ɗinkin da kansa, ya ji nauyinsa a hannu, ya ƙara masa igiya. A nan kam bai yi sifirin ba, sai da ya ja kowane ƙulli ya tabbatar.

Yana zagaya amalanken sai ya ga wani guntun tsohuwar taya ɗaure a baya yana jan ƙasa. Ya tambayi amfaninsa. Mai gawayi ya ce shi ne birki, in an zo gangara sai a taka shi da ƙafa, ya kama ƙasa, amalanken ya rage gudu. Yanzu-Yanzu ya yi dariya har da riƙe ciki, ya ce wato mutum ya sayi ƙafafu sannan ya sayi abin hana su tafiya. Mai gawayi ya juya zai amsa gaisuwar wani, kafin ya juyo an yanke igiyar tayar an jefar da ita kan rufin shago.

Malam ya taso daga kujerarsa, abin da ba a saba gani ba, yana dogara sanda. Ya ɗaga hannu ya ce, "Mai agogo, tsaya ka ji ƙarshen maganar nan. Amma fa..."

Mai shayi ya buga cokali.

Da farko Yanzu-Yanzu ne ke tura amalanken. Da aka wuce shagon mai aski suka zama abokan tafiya. Da aka kai bakin gangara sai amalanken ya karɓi ragama, ya koma shi ke jan Yanzu-Yanzu. Takalminsa na dama ya yi sallama, na hagu ya bi sahu. Ya ga ƙafafunsa ba za su iya ba, ya ɗane bayan amalanken ya rataya da ciki, ƙafafun suna lilo a iska suna laluben tayar da ya jefar da hannunsa.

Tukwane suka fara sauka ɗaya bayan ɗaya, kowace ta kama hanyarta. Garin gawayin da ke maƙale a katakon ya tashi ya rufe shi, ya zama baƙi ƙirin sai idanu. Girgizar ta tayar da agogunan mutane, har waɗanda suka shekara ba su motsa ba, wannan na bugawa, wancan na ƙararrawa, kowanne da lokacinsa. Mutanen kasuwa suka ji ƙarar tun daga nesa suka dare gida biyu. Wata mai sayar da tumatir ta janye tirenta, ta ce wa ta kusa da ita yau kuma motar kashe gobara da gado ta fito.

A tsakiyar gangarar ya hango Hawainiya a gabansa, tana tafiyarta ta ƙasaita, Yaya Direba ya leƙo da kai yana nazarin wani rami. Amalanken ya wuce ta kamar tana tsaye. Duk da halin da yake ciki, daɗi ya kama Yanzu-Yanzu, ya saki hannu ɗaya ya ɗaga, ya ƙwala, "Sifirin, Yaya!"

Hannun da ya saki shi ne ke riƙe da saitin. Amalanken ya karkata, ya bar titi, ya shiga filin masu buga bulo. Ma'aikata suka zubar da shebur suka haye katanga. Tarin yashi ya tari ƙafafun gaba, amalanken ya tsaya cak, kayan kuma suka ci gaba da tafiya. Katifa ta tashi, gado ya bi ta, Yanzu-Yanzu ya bi gado ya sauka a cikin kwaɓin siminti. Yana kwance ya ga keken ɗinkin ya wuce ta samansa, ya juya a iska, ya faɗa kan jerin bulo. Ƙarar da ya yi ba ta abin da zai gyaru ba ce.

Jama'a suka taru, na kasuwa da na layi da suka biyo gangara suna tsintar tukwane. Ana ta dariya, amma shi bai ji ba. Ya yunƙura zai tashi, idon sawunsa ya ƙi, sai ya ja jiki da gwiwa har wurin keken. Murfin ya tsage, igiyar ta tsinke. Ya tuna surukarsa tana zaune a bayan keken nan, ya tuna kayan makarantar yara da abincin da ya ci jiya, duk daga ƙarƙashin allurar nan suka fito. Tsoro da kunya suka kama shi a lokaci guda, hawaye suka yanko hanya a cikin baƙin gawayin fuskarsa. Matarsa ta fito daga sabon gidan, wanda ke tsallaken filin, ta tsaya a kansa.

"Maman yara," ya ce, "na kashe keken Inna."

Ta ce ya buɗe ya gani. Ya ce ba zai iya kallo ba. Ta sa ƙafa ta ture murfin. Wani ƙaton dutse ya gangaro, naɗe da tsohon bargo, tare da matattun agogunan tebur da suka daɗe a ƙarƙashin gadonsu.

Ya dubi dutsen. Ya dubi matarsa. Daidai nan Hawainiya ta iso, ta tsaya a hankali, Yaya Direba ya fito ya zagaya ya buɗe ƙofar gaba. Ga ƙunshin tsummokin jiya a kan kujera, an ɗaura masa bel, kan keken ya leƙo baƙi sumul da zanen zinariyarsa, ko ƙura babu.

Wani sanyi ya ratsa Yanzu-Yanzu har tafin ƙafa. Bayan sanyin ya wuce sai haushi ya biyo.

"Wato dutse na ɗaure da igiya har ina ƙara ƙulli? Ashe ba ki yarda da ni ba?"

"Na yarda da kai ƙwarai, Baban yara. Na yarda za ka yi abin da ka yi."

Filin ya ɗauki dariya, har ma'aikatan da ke kan katanga. Ana cikin haka Malam ya sauko daga bayan Hawainiya, ashe da sandarsa ya cim mata a gangara, Yaya ya rage masa hanya. Ya tako da sandarsa, ya tsaya a kan Yanzu-Yanzu, ya cire tabarau, ya goge, ya mayar. Ya duba ƙafar da ta kumbura, ya tabbatar yau babu inda za a je.

"Amma fa," in ji Malam, "a ɗan gajeren zango ake yin sa. A fili mai laushi. Hannu babu kaya. Kuma in an kai layin ƙarshe, tsayawa ake yi."

"Malam, ai da ka faɗa tun farko."

"Tun farkon nake faɗa."

Saura maganar ƙafa. Mai ɗori yana can saman gangara, bayan tsohon gidansu, kuma babu mai goya ƙato mai siminti a jiki har can. Yanzu-Yanzu ya tuna rantsuwarsa, ya ce a nemo kowace irin mota ban da wannan. Mai gawayi, wanda ke tsugune yana jajanta wa amalankensa, ya ce shi kam ya gama ba da aro. Yaya Direba ya sauke murfin bayan motar ya shimfiɗa katifar. Aka ɗauki Yanzu-Yanzu ranga-ranga aka saka shi a ciki, mai aski yana tuna wa jama'a cewa ko wannan sharaɗin ma an ambata a rantsuwar.

Matar ta ce ba za ta bar keken a ɗakin da ba a sa wa kwaɗo ba tukuna, ita kuma za ta zauna a gaba. Ta ɗauko ƙunshin ta tsaya tana duban inda za ta ajiye. Yanzu-Yanzu ya goge hannuwansa a singileti, ya miƙo su ba tare da ya ɗago kai ba. Ta ɗora masa a cinya.

Hawainiya ta kama hawan gangara. Mutanen layi suka rako ta a ƙafa, kowa da tukunya ko agogo a hannu, wasu har suna wuce ta su tsaya jira. Mai shayi ya jero da motar yana tambayar ko a buga cokali. Yanzu-Yanzu ya rungume keken da hannu biyu, idonsa na kan titi. Can ya hango wani rami a gaba, ɗan ƙarami, wanda ko Yaya bai ga ya kai a tsaya masa ba. Ya ƙwanƙwasa gilashin bayan direba da sauri.

"Yaya," ya ce, "don Allah a hankali."